Gashi, ɗumamawa ko ƙonawa: wane zafi ne ke taɓa ciwon daji, wanne kuma ya dace da majinyacinka?

Ranar da sakamakon gwajin tsoka na gwaggona ya dawo, aka tabbatar ciwon daji ne a bakin mahaifa, shawara uku ta shigo tsakar gidanmu a unguwar Birni, nan Damagaram, kafin la'asar. Likita ya ce a tafi Yamai a yi gashi. Ɗanta da ke zaune a Turai ya turo bidiyo ta WhatsApp, wani Bature yana nuna na'urar da ke ɗumama ƙari, ya bi ni da murya: "Yaya, don Allah ku dakata da tafiya Yamai, in haɗa kuɗi a kawo ta nan." Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kuma ta rantse daji ba ya son allura, a dafa saiwoyi ta riƙa shiga ruwan zafi safe da yamma kamar mai jego. Gwaggo tana kishingiɗe a tabarma, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce: "To ni dai duk wuta kuke kira mini. Wacce ce mai sauƙin?"

Amsar tana buƙatar a fara warware wani rikici da harshenmu ya haifar. Abin da muke kira gashi a asibiti, wanda likita ke rubuta radiyoterapi, babu zafi a cikinsa ko kaɗan. Haske ne marar ganuwa da ke karya ƙwayoyin gadon da ke cikin ƙwayar daji. Mutum yana kwance a ƙarƙashin na'urar bai jin ɗumi, balle ƙuna. Magani da zafi na gaske abu ne daban, kuma shi ma ba iri ɗaya ba ne.

Ma'aunin da zan auna kowace hanya da shi guda shida ne: digiri nawa zafin ke kaiwa a cikin ƙarin da abin da yake yi wa gudun jini; ko hanyar tana tsayawa da ƙafarta ko kuwa mataimakiya ce; kuɗi; ɗorewar amfanin; sauƙin samu ga wanda ya taso daga Damagaram; sai haɗari. Na farkon shi ne uwa, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Abin da zafi ke yi wa jini a cikin ƙari

A watan Afirilu da Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 42 a inuwa. Da a ce iska mai zafi tana kashe daji, da ba a sami mai ciwon ba daga nan har Tanut. Ba ta kashewa, saboda cikin jikin mutum yana tsaye kusa da digiri 37. Da fata ta ji zafi, hanyoyin jininta sukan buɗe, jini ya ninka gudunsa sau da yawa, ya kwashi zafin, gumi ya ƙarasa aikin. Jini shi ne mai sanyaya jiki.

Hanyoyin jinin ƙari ba haka suke ba. An gina su cikin gaggawa ba tsari, kamar unguwar da aka yanka filaye ba a bar hanya ba: lungu ya shiga lungu, wani ya toshe, wani yana yoyo, bangonsu ba shi da tsokar da za ta buɗe ko ta tsuke yadda ya kamata. Mu da muka san wahalar ruwa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Gidan da ke bakin babban bututu yana samun ruwa, na ƙarshen layi kuwa sai ya jira ɗan garuwa. Haka tsakiyar ƙari take, jini ba ya isa sosai, iskar oksijan ta yi ƙaranci. Wannan kuwa shi ne abin da ke ba likitoci ciwon kai, domin ƙwayar dajin da ba ta samun oksijan takan buƙaci hasken gashi kusan ninki 3 kafin ta mutu, shimiyo kuma, wato maganin kashe ƙwayar daji da ke tafiya cikin jini, ba ya kai mata da yawa.

Bincike tun daga shekarun 1980, wanda Chang Song na jami'ar Minesota a Amurka ya yi fice a kansa, ya nuna zafi yana da fuska biyu. Tsakanin digiri 39 da 42, jini yana ƙaruwa a cikin ƙarin, oksijan ya shiga inda da ba ya kaiwa. Idan aka haura 42 zuwa 43 aka daɗe, sai abin ya juye: hanyoyin jinin ƙari su fara toshewa, jinin ya tsaya, alhali naman lafiya da ke kewaye yana ci gaba da sanyaya kansa. Daga digiri 60 zuwa sama kuwa ba maganar gudun jini, naman ne ke dahuwa nan take kamar farin ƙwai a kasko, ƙananan hanyoyin jini su rufe ruf. Don haka duk wanda ya ce maka "magani da zafi", tambayarka ta farko ita ce digiri nawa, a ina ake auna shi, kuma da me.

Ɗumamawa tare da gashi ko shimiyo

Wannan ita ce ta bidiyon ɗan gwaggo. A takardar likita ana rubuta ipertermi. Ana kewaye wurin ciwon da na'ura mai tura igiyoyin rediyo ko makamantansu, da jakar ruwa tsakanin na'urar da fata, a riƙe ƙarin a kusan digiri 40 zuwa 43 na tsawon awa guda. Ana sa ƴan siraran ma'aunan zafi a cikin jiki ana bin lamba minti bayan minti. Ba a yi kullum, sau ɗaya ne ko biyu a mako, domin ƙwayar da ta sha zafi yau takan yi taurin kai na kwana biyu ko uku. Kuma dole a yi ta dab da lokacin gashi, don a ci moriyar jinin da ya buɗe. Zafin yana kuma hana ƙwayar daji gyara ɓarnar da haske ya yi mata.

Tana aiki? Tana yi, kuma akwai lamba. A gwajin da aka yi a Holan, wanda aka fitar a 2000, matan da dajin bakin mahaifarsu ya yi nisa aka raba su gida biyu. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, ƙarin ya ɓace gaba ɗaya ga kashi 57 cikin 100. Waɗanda aka haɗa musu da ɗumamawa, kashi 83. Bayan shekara 3, masu rai kashi 27 ne a gidan farko, 51 a na biyu. A 2010 kuma wani babban gwaji da likitocin Munik a Jamus suka jagoranta ya nuna ɗumamawa tare da shimiyo tana jinkirta dawowar dajin tsoka. Ana amfani da ita sosai ga dajin nono da ya dawo a ƙirji bayan an riga an taɓa gasa wurin.

Amma ga abin da bidiyon bai faɗa ba. Gwajin Holan ya kwatanta ta ne da gashi tsura. Yau kuwa abin da aka saba yi wa dajin bakin mahaifa da ya yi nisa shi ne gashi tare da wani maganin shimiyo mai suna sisfilatin kowane mako, wanda shi ma yana ƙara wa haske ƙarfi. Ko a Holan ɗin, ɗumamawa ta fi zama ta matan da ba za su iya shan sisfilatin ba, misali don ƙodarsu ta raunana. Na biyu kuma, ita kaɗai ba magani ba ce. Mataimakiya ce. Duk asibitin da ya ce zai ɗumama maka majinyaci ba gashi ba shimiyo, kuɗinka yake so.

Kuɗinta ga mutumin Damagaram ba kuɗin na'urar ba ne kawai. Cibiyoyin da suka ƙware a kanta suna Holan, Jamus, Japan, Amurka da ire-irensu, kuma tunda sai an haɗa da gashi a wuri ɗaya, duk jinyar ce za ka ɗauke zuwa can: biza, jirgi, masauki na mako 5 zuwa 7, mai jinya, sannan kuɗin gashin kansa da farashin Turai. Wannan lissafin sayar da gida ne. Haɗarinta a jiki ba mai yawa ba ne, yawanci ƙuna ko bororo a fata, ko ƙullutu mai ciwo a kitsen ƙarƙashin fata, da gajiya. Ba a yi wa mai na'urar bugun zuciya ko mai ƙarfe a kusa da wurin. Mutane kan tambaya ko buɗe hanyoyin jini ba zai watsa dajin ba. Manyan gwaje-gwajen da aka yi tare da gashi ba su nuna hakan ba. Babban haɗarin a wurinmu shi ne watannin da za a kashe ana jiran biza, ƙari kuwa ba ya jira.

Akwai ƙanwarta da ake wanke cikin ciki da maganin shimiyo mai ɗumi, kusan digiri 40 zuwa 43, a ƙarshen babbar tiyata. Wani gwajin daban da aka yi a Holan, wanda aka fitar a 2018, ya nuna amfaninta ga wasu masu dajin ƙwan mace. Aiki ne na sa'o'i da yawa da ke buƙatar ɗakin kulawa ta musamman, don haka ba zan ɓata lokaci a kanta ba.

Ƙonawa da allura

Nan manufar ta sha bamban. Ba a neman jini ya ƙaru, kashe naman ake so tare da hanyoyin jininsa. Likita yana kallon hoton cikin jiki ta ekogirafi ko sikana, ya soka doguwar allura ta fata har tsakiyar ƙarin, bakin allurar ya ɗauki zafi daga digiri 60 zuwa 100 na ƴan mintoci. Mai amfani da wutar lantarki ita ce radiyofirekans, akwai kuma mai igiyoyin maikirowef. An fi yi a hanta, ƙoda da huhu. Ita kam tana tsayawa da ƙafarta: ga ƙaramin dajin hanta, wanda bai wuce santimita 3 ba, takan maye gurbin wuƙa, mutum ya kwana ɗaya ko biyu ya koma gida.

Abin sha'awa, jinin da yake aboki a wajen ɗumamawa, a nan abokin gaba ne. Idan ƙarin yana jingine da babbar hanyar jini, mai kauri sama da milimita 3, jinin da ke wucewa yakan kwashe zafin, gefen nan ya ƙi dahuwa. Kamar ka hura wuta a ƙarƙashin tukunya wani yana ta zuba ruwan randa a gefe guda. Daga wannan gefen ne ciwon kan sake tsirowa. Maikirowef ta fi jure wannan matsala don tana zafafa wuri da sauri. Saboda haka ɗorewar aikin ta dogara da girman ƙarin da maƙwabtansa, kuma sai an riƙa komawa hoto bayan wata ɗaya, daga nan kowane ƴan watanni. Haɗarinta: zubar jini, ƙwayoyin cuta, ƙona hanji ko hanyar matsarmama idan suna kusa, da zazzaɓi na ƴan kwanaki.

Kuɗinta ya fi na ɗumamawa sauƙi nesa ba kusa ba, tunda zama ɗaya ne ko biyu, ko da yake allurar da ake amfani da ita sau ɗaya a jefar tana da tsada, kuma sai babban asibiti mai ƙwararren likitan hoto. Matsalarmu a nan ba kuɗin ba ce ma. Dajin hanta yana da yawa a ƙasarmu saboda ciwon hanta nau'in B da gubar da ke fitowa a gyaɗa da hatsin da suka yi fumfuna, amma mutum ba ya zuwa asibiti sai ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. A lokacin ƙarin ya wuce santimita 3 tuntuni. Wanda ke cin moriyar allurar nan shi ne mai ciwon hanta B da ke zuwa ekogirafi duk wata 6 alhali yana jin kansa garau.

Ƙaramar na'urar bakin mahaifa

Wannan ita ce na fi so mata su sani, don ita ce mafi arha, mafi sauƙi, kuma mafi kusa da hannun talaka. Ƴar na'ura ce mai batir, bakinta kamar maɓalli, ana ɗora shi a bakin mahaifa a digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar amfani da ita a 2019. Ungozomar asibiti da aka horar tana iya yi, ba a sa barci, mace ta tashi ta ɗaura zanenta ta hau kabu-kabu. Za ta ga ruwa-ruwa na ƴan makonni, a kuma ɗaga wa maigida ƙafa kusan wata guda.

Sai dai iyakarta a fili take: tabon da bai zama daji ba tukuna take ƙonewa, wanda ake ganowa idan an shafa ruwan tsami na asibiti a bakin mahaifa ko an yi gwajin ƙwayar cutar da ke haddasa shi. Zafinta ƴan milimita kawai yake shiga. Ga gwaggona ta makara da shekaru. Ga ƴaƴanta mata uku kuwa ita ce ma kan gaba, in gwaji ya nuna tabo.

Zafin gida: ruwan zafi, surace, lalas da gadon zafi

Ba na raina tsofaffinmu. Gashi da tsumma yana sauke ciwon baya, ni ma ina yi. Amma a auna shi da ma'aunin farko. Zafin da aka ɗora a fata, jinin fata ne ke fara tare shi ya kwashe, abin da ke ratsawa ciki kaɗan ne ƙwarai. Kafin ƙarin da ke can cikin ƙugu ko hanta ya kai digiri 41, fatar ta riga ta saluɓe. Ko da ɗumin ya kai ga ƙullutun nono da ke kusa da fata, iyakar abin da zai yi shi ne ƙara masa jini, ba kuwa haske ko magani da zai biyo baya ya ci moriyar hakan. Ka buɗe ƙofa ba wanda zai shiga.

Lalas da sakiya sun fi muni. Ƙarfe mai zafi a kan nono mai daji yana barin gyambon da ba ya warkewa, ƙwayoyin cuta su samu gida, kuma likita ba zai iya yanka ko gasa fatar da ke ruɓa ba sai an yi jinyarta tukuna. Maganar cewa daji ba ya son allura kuwa, ina ganin daga nan ta samo asali: mutane ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci ƙarfinsu, in an taɓa aka rasu sai a ɗora wa allura.

Sabon salo shi ne gado ko tabarma mai zafi da ƴan kasuwa ke kawowa, ana biya a kwanta. Wani ɗan'uwanmu ya yi wata biyu yana zuwa irin wannan wuri, kowane zuwa da ƴan jakkunansa, ana ce masa "ipertermi" ce irin ta Jamus. Na tambayi yaron da ke kula da wurin da me suke auna zafin cikin ƙarin. Ya nuna mini lambar da ke jikin rimot. Arha ce a kowane zuwa, amma in ka tara, ta kai kuɗin motar Yamai zuwa da dawowa har da guziri.

Gashi da shimiyo da tiyata, ba tare da wani zafi ba

Dole a sa wannan a sikeli, don ita ce sauran ke jingina da ita. Tun 2021 Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji a Yamai take da na'urar gashi, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai an fita waje. Daga Damagaram kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a mota ta Maraɗi, Ƙonni da Doso, kuma za a zauna makonni, don haka a fara neman gidan ɗan'uwa ko na abokin arziki tun kafin a tashi. Tun 2007 akwai dokar da ta sa jinyar dajin mata kyauta. A tambayi likita a Babban Asibitin Ƙasa na nan Damagaram abin da kyautar ta ƙunsa da abin da iyali za su saya da kansu, a kuma karɓi takardar turawa da sakamakon gwajin tsoka da duk hotuna. Ga dajin bakin mahaifa, a tambaya tun farko inda za a yi gashin ciki, wanda ake sa tushen hasken dab da ƙarin, domin ana so a gama komai cikin mako 8. Wahalarta sananniya ce: gudawa, zafin fitsari, amai, kasala. Kuma a kula da ƙarancin jini, don majinyacin da jininsa ya yi ƙasa oksijan ɗin ƙarinsa ma ƙasa yake. Gyara wannan yana hannun likitan nan gida.

| Hanya | Zafi | Abin da take yi wa jinin ƙari | Ita kaɗai ta isa? | Kuɗi | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Ɗumamawa | digiri 40 zuwa 43 | yana ƙaruwa, oksijan ya shiga | a'a | mai yawa ƙwarai, jinya a waje | tana ƙara wa gashi ƙarko | ƙunar fata, jinkirin tafiya |
| Ƙonawa da allura | 60 zuwa 100 | hanyoyin suna rufewa | e, ga ƙaramin ƙari | matsakaici zuwa mai yawa | mai kyau ƙasa da santimita 3 | zubar jini, saura a gefen babbar jijiya |
| Na'urar bakin mahaifa | 100 | tana ƙone saman nama | e, kafin ya zama daji | kaɗan | mai kyau, da sake gwaji | a yi ta a kan dajin da ya riga ya kama |
| Zafin gida | ba a aunawa | ba ya kaiwa ciki | a'a | kaɗan-kaɗan har ya taru | babu | gyambo, ɓata lokaci |
| Gashi da shimiyo | babu zafi | suna buƙatar jini ya isa | e, su ne ginshiƙi | mota, masauki, wasu magunguna | gwargwadon matakin ciwon | wahalar jiki, katse jinya |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Matar da aka tabbatar wa dajin bakin mahaifa ya yi nisa, ƙodarta kuma lafiya lau, ta kama hanyar Yamai a makon nan, gashi da sisfilatin. Abin da muka yi wa gwaggo ke nan. Na ce wa ɗanta: "Ƙanena, kuɗin bizar nan ka turo a kama mata ɗaki kusa da asibiti, a saya mata abinci mai kyau." Bai ji daɗi ba a ranar, amma ya turo.

Wadda gwaji ya nuna ƙodarta ba za ta ɗauki sisfilatin ba, ko wadda dajin nono ya dawo mata a wurin da aka riga aka gasa, ita ce ke da hujjar tambayar likitan daji game da ɗumamawa. In iyali na da hali na gaske, kuma cibiyar tana yin gashin a wuri ɗaya tana auna zafin cikin jiki, tafiyar tana da ma'ana. In babu hali, a yi abin da ke akwai, kada a zauna jira.

Mai ciwon hanta B da aka tsinci ƙaramin ƙulli a ekogirafinsa ya tambayi likita kai tsaye ko allura za ta yi, da nisan ƙullin daga manyan hanyoyin jini, da asibitin da za a tura shi. Macen da ta kai shekara 30 ba ta jin komai ta je a duba bakin mahaifarta, in an ga tabo ta tambayi ko ƴar na'urar nan ta dace da ita. Wanda ciwo ya yi wa nisa har likita ya ce sai dai a rage masa raɗaɗi, ba laifi a ɗora masa tsumma mai ɗumi a baya ko ƙafa, ban da kan ƙarin da fatar da aka gasa, kuma a gwada ɗumin a gwiwar hannu tukuna, don mai shan maganin raɗaɗi mai ƙarfi yakan ƙone bai sani ba.